Yadda zaka ce "ba yabo ba fallasa" da Kantonis ba tare da ka ɓata wa mutum rai ba

Duk wanda ya taɓa zuwa saro kaya Hong Kong ko Guangzhou ya san wannan yanayin, mai shago ya zuba maka shayi ya miƙo maka samfur yana kallon fuskarka, kai kuma kayan bai kwanta maka ba. Kar ka ce masa babu kyau kai tsaye. A wajen masu Kantonis, yaren Sinanci da ake yi a can, mutunci, wanda suke kira "min" wato fuska, babban abu ne, in ka kunyata mutum gaban yaran shagonsa to cinikin ma ya lalace.

Da farko ka riƙe 麻麻哋, ana faɗinta "ma ma dei". Ita ce ba yabo ba fallasa tasu, amma fa ta fi karkata ga rashin gamsuwa, don haka na fi son a yi amfani da ita tsakanin abokai ko kan abin da ba mutumin ne ya yi shi ba. Wanda ya dafa maka abinci da hannunsa kar ka ce masa ma ma dei, wallahi zai ji ciwo.

In mai abin na gabanka sai ka ce 過得去 "gwo dak heui", wato ba laifi za a iya maneji, ko 都OK嘅 "dou OK ge". Ka lura 唔錯 "m co" a zahiri "ba laifi" take nufi amma su yabo ne a wajensu, kar ka faɗe ta kan kayan da baka so, zai ɗauka ka saya.

Sannan ka rage kaifin maganar. Maimakon ka ce da tsada ka ce 有啲貴 "yau di gwai", da ɗan tsada kaɗan. Maimakon bana so ka ce 唔係好鍾意 "m hai hou jung yi", bai cika burge ni ba. Ka ƙara 啦 "la" a ƙarshe ka ɗan ja ta, tana sassauta magana kamar "dai" ɗinmu.

Kantonis na da karin sauti 6, mu ma Hausa da kari muke bambance kalmomi so kunnenmu ya saba, ka saurari yadda suke faɗa ka maimaita. A Guangzhou da yawan masu shago Mandarin, babban yaren China, suke yi, ka fara jin yaren mutum tukun.

In kana son tashi baka saya ba, ka yi murmushi ka ce 我諗吓先 "ngo nam ha sin", bari in yi tunani tukunna. Ya riga ya gane.