Yadda na samu lokacin motsa jiki duk da aikin ofis

Ina barin gida a Pantami ƙarfe bakwai da rabi, ba na dawowa sai bayan magariba, wuni guda ina kan kujera gaban kwamfuta. Bara ƙuguna ya fara ciwo, bene hawa biyu ma sai na tsaya ina haki. Likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, ya kuma tuna mini cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako.

Da farko na ɗauki gudu da yamma a filin wasa na Pantami. Sati biyu na watsar. Ga zafin Gombe, ga gajiya, ga baƙi a gida.

Asuba ce ta fitar da ni. Tun dare nake ajiye kambas a bakin ƙofa, da su nake zuwa masallaci. Ana sallamewa, maimakon in koma barci, sai in zaga unguwa minti 30, tafiya da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga amma ina iya magana. Kwana biyar, lissafin ya cika. Wani dattijo maƙwabcina ya biyo ni, kuma shi ne ya riƙe ni. Ranar da na yi nauyin jiki sai in ji ƙwanƙwasa: "Ɗana, yau ba tafiya ne?" Kunyarsa kaɗai ta isa ta tashe ni.

Da hunturu ya shigo na ƙara takunkumi saboda ƙura. Wata huɗu ke nan, ciwon ƙugun ya lafa, jinin ma ya sauka.