Darasi na 7: Hazo da iskar da muke shaƙa

Toh iyayena da yayyena na ajin yamma, darasin yau kowa ya ganshi da idonsa tun kafin ya iso aji. Daga wajen ƙarshen Nuwamba har Fabrairu, wata shekarar ma har cikin Maris, sai garin nan namu na Kano ya wayi gari fari fat kamar an barbaɗa masa toka, rana ta fito kana kallonta ido da ido bata kashe maka ido ba, in hazon yayi kauri kana Goron Dutse ka nemi Dala ka rasa. A rubuta a allo: ha-zo, ƙu-ra, hu-hu.

Ƙurar nan fa baƙuwa ce. Iskar hunturu ce ke kwasota daga arewa maso gabas, daga hamadar Sahara, kuma babban wajen da take ɗibanta wani kwari ne a ƙasar Chadi da ake kira Bodele, da can gindin tafki ne ruwan ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Fiye da kilomita 1,000 take yowa kafin ta sauka akan shanyar Hajiya. Shiyasa zakuji a rediyo hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana gargaɗin direbobi, wani lokacin jirgi ma ya kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano saboda matuƙi baya ganin ƙasa.

Ƙurar da kake gogewa akan sirdin babur da sauƙi, ita hanci yana tareta, ka fyace majina ta fito ja-ja. Mai haɗarin ita ce wadda ido baya gani, masana na ce mata PM2.5, silin gashin kanka ya fi ta kauri kusan sau 30, ita ce ke wucewa har cikin huhu. Masu asma da tsofaffi da jarirai su suka fi jin jiki. Baba mai adaidaita sahu da kai da kake wuni bakin titi a Kwari ko Sabon Gari, a saka takunkumi, na kemis ɗin nan da ake cewa N95 yafi kamawa, in babu ko rawani ne a ja amawali, yafi babu. Inna kuma don Allah kafin sharar safe a yayyafa ruwa a tsakar gida, kujeru a gogesu da jiƙaƙƙen tsumma, karkaɗewa da busasshen ƙyalle maida ƙurar sama ne kawai yara su shaƙa. A sha ruwa ko ba ƙishirwa, a shafa man kaɗe saboda kaushi da faso, yaron da ke haɓo a ɗan laƙa masa basilin a bakin hanci.

Amma ni gaskiya abinda yafi tsoratani a hunturu ba ƙurar Chadi bane, namu hayaƙin ne. Da asuba sanyi na danne hayaƙi ya kwanta ƙasa-ƙasa baya tashi sama, ga masu cinna wa bola wuta, ga samari sun kewaye taya suna jin ɗumi, ga janareto, duk ya haɗu da hazon mu zuƙa. Sannan ga kasko. A layinmu wata shekara da akayi muku-mukun sanyi, wata baiwar Allah ta shiga ɗaki da kaskon gawayi ita da yara uku, ta rufe ƙofa, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofar, tagar ma dama an like ta da leda saboda ƙura. Da asuba kishiyarta taji shiru ba motsin alwala, aka buga aka buga, sai da aka ɓalle ƙofar. Na ga ƙaramin da aka fito dashi, jikinsa yayi lakwas kamar tsumma, garwashin kuwa ya zama toka ko hayaƙi babu a ɗakin. Allah yasa da sauran kwanansu.

Ga abinda ke faruwa: gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fidda wata iska mai guba, bata da wari bata da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau. Farko ciwon kai, sai jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa daga nan sai dai wani ikon Allah. Janareto a soro ko ƙarƙashin bene shima haka yake yi. A ɗumama ɗaki in za'a ɗumama, amma a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, a bar kafar iska. In aka samu mutum ya galabaita a fito dashi fili a nufi asibiti nan take, kar a tsaya ɗura masa manja ko madara, wanda baya cikin hayyacinsa shaƙewa zaiyi.

Hazo na janyewa sai bazara, Afrilu zafi ya kai digiri 40 har ya wuce, iska a bushe, lokacin sanƙarau kenan. Manya cikinku sun tuna annobar sanƙarau ta 1996 basai na faɗa muku ba. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da wuya ya sanƙare, asibiti a ranar. A rage cunkoso a ɗakin kwana, in anzo rigakafi a kai yara. Sai ruwa ya zauna wajen Yuni sannan iska ke wankuwa, shima hadarin farko da jar ƙura yake zuwa, a kwashe shanya a rufe abinci.

Aikin gida: kullum da safe har kwana 7 ka tsaya ƙofar gida ka kalli abu guda mai nisa, hasumiyar masallaci ko tankin ruwa, ka rubuta kwanan wata, gefensa ka rubuta “na gani” ko “ban gani ba”. In wani yayi tari a gidan ranar shima a rubuta. Ranar Asabar kowa yazo da littafinsa mu karanta a aji.