Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gyaran Sarƙar Taimin a Injin Mota

Sarƙar taimin ita ce ke haɗa karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, da kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, ta yadda duk juyi 2 na karanshaf zai zo daidai da juyi 1 na kamshaf, bawul kuma su buɗe su rufe a daidai lokacin da fistin ke bukata. Injinan Toyota 1ZZ-FE da ke cikin Corolla da 2AZ-FE da ke cikin Camry, da Honda K24 da ke cikin Accord, duk sarƙa suke amfani da ita, yayin da V6 na Honda da tsohon 5S-FE na Camry bel ne a cikinsu. Mai mota ya fara tabbatar da wanda ke injinsa, domin bel yana da wa'adin canji, ita kuwa sarƙa an ƙera ta ne ta daɗe matuƙar tana samun baƙin mai mai tsafta.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin jama'a shi ne yanke hukunci da kunne kawai. Da zarar mota ta yi ƙarar karkarwa da safe na daƙiƙa 2 ko 3, sai a ce sarƙa ta miƙe, a buɗe inji. Alhali a Accord na 2008 zuwa 2012, sau da yawa giyar VTC da ke kan kamshaf, wato giyar da ke sauya lokacin buɗewar bawul, ita ce ke wannan ƙarar, kuma ko an sa sabuwar sarƙa washegari ƙarar za ta dawo. Abin da ya dace shi ne a fara duba yawan baƙin mai da launinsa, a cire bel ɗin waje a tada injin na ɗan lokaci don a cire altaneta da famfon ruwa daga zargi, sannan a sa wa motar kwamfuta. Lambobin P0016 da P0017 suna nufin karanshaf da kamshaf sun saɓa wa juna, amma ba su ce sarƙa ce mai laifi ba. Sensa, ko waya, ko toshewar ƴar ragar da ke tace man da ke zuwa wa VVT, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, kowanne yana iya jawo su.

Daga nan sai batun mai, wanda a ganina shi ne tushen yawancin matsalar. Tenshina, wato abin da ke matse sarƙar, da ƙarfin mai take aiki. Idan aka jinkirta juye har mai ya yi dasƙara a cikin inji, ko aka zuba mai mai kauri irin 20W-50 a injin da kamfani ya rubuta masa 5W-30 bisa hujjar cewa ƙasarmu akwai zafi, man zai makara kafin ya isa tenshina da sanyin safiya, sarƙar kuma ta riƙa dukan robobin da ke jagorantarta. Wanda ya canza sarƙa bai sauke fan ɗin mai, wato kaskon mai da ke ƙasan inji, ya wanke ragar famfon mai ba, ya bar ɓurɓushin robobin nan a inda za su toshe hanyar mai.

Akwai kuma masu canza sarƙar ita kaɗai don a rage kuɗi. Haƙoran tsohuwar giya sun riga sun cinye daidai da tsohuwar sarƙa, don haka za su lalata sabuwar da wuri. A canza sarƙa da giyoyi da tenshina da robobi gaba ɗaya. Sarƙar da aka ciro daga tsohon inji kuwa, ido ba ya iya gane ko ta miƙe sai an auna ta.

Wajen ɗaurawa ne ake yin kuskure mafi muni. Ana kai fistin na 1 ƙololuwar sama, a daidaita mahaɗai masu launi da ke jikin sarƙar da alamomin da ke kan giyoyi, sannan a saki tenshina. Bayan haka wajibi ne a juya injin da hannu sau 2 cikakku kafin a taɓa makulli. Wasu sukan firgita idan suka ga mahaɗai masu launi ba su dawo kan alamarsu ba, har su sake kwance aikin, alhali alamomin giyoyi kawai ake dubawa a wannan matakin. Idan kuwa aka ji injin ya cije, kada a tilasta masa, domin a injinan da fistin ke iya kaiwa ga bawul, kuskuren haƙori kaɗan ya isa ya lanƙwasa bawul, aikin ya koma na sauke kan inji.

Gam ɗin murfin taimin ma ana wuce gona da iri wajen shafa shi. Siririn layi ya wadatar a kan fuskar da aka goge ta bushe, domin rarar da ta matso ciki tana ɓallewa ta bi mai har ta maƙale a ragar famfo. A ba gam ɗin lokacin da aka rubuta a jikin kwalinsa kafin a zuba sabon mai da sabuwar filta, a goge lambobin da ke kwamfuta, sannan a bar motar ta kwana a saurari tashinta na farko da safe.