Yadda ake zaɓen firinta ta gida don takardu da hotuna a Garwa da Marwa

Yawancin masu saye sukan fara da tambayar kuɗin firinta. Da sun fara tambayar kuɗin tawadarta, da ko ana samunta a kasuwar garinsu ko sai an aiko daga Duwala, da sun huta. Sau ɗaya za ka sayi firinta, amma tawada kullum kana cikin sayenta.

Da farko ka zauna ka duba aikin da za ta yi maka. Idan takardu ne kawai, kamar kwafin takardar haihuwa, takardun jarabawar BEPC na yara, wasiƙar neman aiki da rasidin shago, to firinta mai leza ta baƙi da fari ta ishe ka, irin su Canon LBP6030 ko ƙananan HP LaserJet. Garin tawada take amfani da shi, ba ruwa ba, saboda haka ko ta yi wata uku a ajiye ba abin da zai bushe. Sai dai ba ta hoto ba ce. In kana son hotunan suna, biki da Sallah su fito da kala mai kyau, sai mai tawadar ruwa.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi cin kuɗin mutane, don masu tawadar ruwa iri biyu ne. Akwai masu katirij, wato ɗan akwatin tawada da ake canzawa in ya ƙare, kamar HP DeskJet da ƙananan Canon PIXMA, su ne masu araha a kan kanta. Akwai kuma masu tanki a gefe, waɗanda ake ɗura wa tawada daga kwalba: Epson EcoTank, Canon jerin G, HP Smart Tank. Baƙin katirij na HP mai lamba 123 shafi kusan 120 yake bugawa, a lissafin kamfanin. Kwalbar baƙar tawada ta Epson mai lamba 103, wadda L3210 da L3250 suke sha, kamfanin ya ce shafi 4,500. Duk biyun an auna su ne da shafi mai sauƙin rubutu, hoto kuwa ya fi haka shan tawada nesa ba kusa ba, amma tazarar tana nan. Ka tambayi farashin kowanne a sefa, ka raba da yawan shafukan, ka ga nawa shafi ɗaya yake faɗo maka. Mai katirij kamar akuyar da aka ba ka kyauta ce aka ce dusa a wurina kaɗai za ka saya. A ganina gidan da ke da 'yan makaranta, mai tanki ya kamata ya nema, ko da zai ƙara haƙuri ya tara kuɗin.

Na uku, kafin ka biya, ka rubuta lambar tawadar ka zaga shaguna biyu ko uku ka ga ko suna da ita. Wannan ya fi shafar firintocin da aka yi amfani da su aka kawo daga Turai. HP tana raba katirij yanki yanki: DeskJet 2130 ta kasuwar Afirka da Gabas ta Tsakiya tana ɗaukar 123, 'yan uwanta na Turai 302, na Amurka 63. Da ido kusan iri ɗaya ne, amma injin zai ƙi karɓar wanda ba na yankinsa ba. Ka kuma kula da tawadar jabu a kwalba mai kama da ta asali. Hancin da ke fesa tawada a Epson a jikin injin yake, in ya toshe ya ƙi buɗewa, gyaransa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Na huɗu, wuta. Tamu bolt 220 ce. Ka juya bayan injin ka karanta: in 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, ta Amurka ce, kana jonawa za ta ƙone. Mai leza tana ɗumama wani ƙarfe don manna garin tawada a takarda, lokacin tana jan wat ɗaruruwa, ƙaramin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta ko 'yar sola ta gida ba za su ɗauke ta ba. Mai tanki irin L3250 kuwa wat 12 ko kusa da haka take ci tana aiki. Duk wanda ya san yadda wuta ke yi a Arewacin Kamaru idan ruwan madatsar Lagdo, mai samar da wutar yankin, ya ja baya zai gane muhimmancin wannan. Ka haɗa da na'urar daidaita wuta, kuma in an ɗauke ka zare filogi.

Na biyar, hotuna. Kala huɗu sun isa hoton gida da hoton 4x4 na takardu, muddin takardar hoto ce mai sheƙi, mai nauyin giram 180 a kowane murabba'in mita zuwa sama. A takardar A4 ta giram 80 tawada nitsewa take yi, fuska ta fito a dushe, sai mutum ya ɗora wa firinta laifi. Kafin ka buga, ka shiga saiti ka zaɓi nau'in takardar. Wanda yake son ya riƙa bugawa maƙwabta yana karɓar kuɗi, ya duba mai kala shida irin Epson L8050, launin fata ya fi fita sumul, amma ba ta yin fotokwafi. Wanda kuma hoto ne kaɗai, jefi jefi, akwai Canon Selphy: girman 10x15 take bugawa, takarda da zaren kala a fakiti ɗaya suke zuwa, babu ruwan da zai bushe.

Na shida, gwaji a gaban mai shago. Ka sa ya buga shafin duba hanci, layukan kowace kala su fito ba yankewa, sannan ka tura hoto daga wayarka. Gidan da babu kwamfuta lallai ya nemi mai Wi-Fi: L3250 tana da shi, L3210 sai da igiya. Ka karɓi rasidi mai lambar injin.

In ka kai ta gida, sauran aikin zafi ne da ƙura. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, tawada tana saurin bushewa a bakin hanci. Ka riƙa buga shafi ɗaya mai kala duk mako ko ba ka da buƙata, don wankin hanci da injin ke yi ya fi wannan shafin cin tawada. Ka kashe ta da maɓallinta, ta mayar da hancin mazauninsa ya rufu, kafin ka zare filogi. Da hunturu ka lulluɓe ta da zane, kada ka bar takarda a tsaye a bayanta tana tara ƙura, ragowar kuma ka mayar cikin ledarta, da damina ma haka saboda danshi.