Shawara ga masu haɗa ƙananan jiragen roba

'Yan uwa masu haɗa jiragen nan na finafinan katun da babu su a zahiri, kafin ku taɓa gam ku wanke sassan da ruwan sabulu mai ɗumi, akwai maiƙon masana'anta a jikinsu, shi ke hana fenti kamawa. Ku fara gwada haɗawa ba gam tukuna.

Gilashin matuƙi kuwa don Allah kar ku sa masa sufa gulu, tururinsa ke mai da shi fari fat, nawa na farko haka ya lalace kuma har yau abin na damuna, farin gam na katako ya isa. In jirgin mai tayar gaba ne ku cusa ɗan ƙarfe a hancinsa kafin ku rufe jikin, in ba haka ba kan jela zai zauna.