Yadda Ake Nema Wa Yaro Mai Larurar ADHD Haƙƙinsa a Hukumance a Jihar Kebbi

A Najeriya babu ofishin da za ka shiga ka ce ɗanka yana da ADHD a riƙa ba ka kuɗi duk wata. Gara a faɗi wannan tun farko, domin wasu iyaye suna ganin labarin Ingila a waya, inda gwamnati ke biyan alawus ga yaron da larurarsa ke buƙatar ƙarin kulawa, sai su ɗauka a nan ma haka abin yake. Abin da muke da shi a nan shi ne kariyar doka, da hanyar rage kuɗin asibiti, da sassauci a aji da wurin jarrabawa. Kuma ba a samun ko ɗaya sai da rahoton likita a hannu.

ADHD larura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Wani yaron ba ya iya tsayar da hankalinsa wuri ɗaya, wani ba ya iya zama kuma yakan aikata abu kafin ya yi tunani, wani ya haɗa duka. A duniya kusan yara 5 cikin 100 ke da ita, kuma gado yana da ƙarfi a cikinta. Ba rashin tarbiyya ke kawo ta ba, bulala kuma ba ta cire ta.

Mataki na farko: tara shaida kafin ka hau mota

Likita ba zai ce yaro yana da ADHD don ya yi ƙiriniya a gabansa na minti goma ba. Zai nemi sanin abu uku: alamun sun fara ne kafin shekara 12, sun kai wata 6 ana fama da su, kuma suna fitowa aƙalla a wuri biyu, misali gida da makaranta. Saboda haka ka sayi ɗan littafi, mahaifiyarsa ta riƙa faɗa ana rubutawa: an aike shi ya manta aiken, ya yar da takalmi, ya faɗa titi ba duba, ya kasa jiran layi. Ka je wurin malamin ajinsa ka roƙe shi ya rubuta abin da yake gani, hedimasta ya sa hannu da hatimi. Kada ka tsallake malamin Islamiyya ko na allo, sau da yawa shi ya fi kowa sanin yadda yaron yake idan an ce a zauna a yi tilawa.

A lura da 'ya'ya mata. Yawancinsu ba sa hawa katanga, shiru suke yi hankali ya tafi wani wuri, a kira su sakarkaru. Irin wannan ma ADHD ce, kuma ita ta fi kuɓuce wa iyaye.

Mataki na biyu: asibiti

Ka fara daga babban asibitin da ke kusa da kai, Argungu ne ko Yawuri ko Zuru ko Jega, ka nemi takardar turawa. A Birnin Kebbi akwai asibitin Sir Yahaya da asibitin tarayya da aka saba kira FMC, inda likitocin yara za su fara dubawa. Wanda ke tabbatar da larurar shi ne likitan ƙwaƙwalwa ko likitan yara da ya ƙware a kanta, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya mafi kusa da mu yana Kware, gaba da Sakkwato. Na san sunan Kware kaɗai yana sa uwa ta ce a bar zancen. To, ba masu taɓin hankali kaɗai ake gani a can ba. Masu farfaɗiya da masu rashin barci ma layi ɗaya suke bi, a duba su su koma gida ranar.

Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna ADHD. Tambayoyi ne da fom da lura. Amma likita zai duba ji da gani, da ƙarancin jini, da wata irin farfaɗiya da yaro ke ƙamewa na 'yan daƙiƙu kamar mai tunani. Ka gaya masa gaskiyar rayuwar yaron. Idan kun yi gudun hijira saboda 'yan bindiga, firgici kan sa yaro ya kasa natsuwa. Idan ya taso inda ake niƙa dutsen zinariya, ka faɗa, domin gubar dalma irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010 tana taɓa ƙwaƙwalwar waɗanda suka rayu.

Mataki na uku: rahoton da zai yi maka aiki

A nan mutane da yawa ke yin asara. Su sha wahalar tafiya, su dawo da katin asibiti da takardar magani kawai.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ba ta jera sunayen cututtuka ba, kuma sunan ADHD bai fito a ciki ba. Abin da ta ce shi ne naƙasa ta haɗa da tawaya mai daɗewa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa ko ta fahimta ko ta gaɓoɓin ji da gani, wadda ke hana mutum shiga harkokin jama'a daidai da kowa. Ke nan jami'in da zai karanta takardarka ba sunan larurar zai duba ba, yadda take tauye yaron zai duba. Don haka ka nemi cikakken rahoto a kan takardar asibiti mai tambari, da sunan likita da hatiminsa da kwanan wata. Ka roƙi likita ya bayyana cewa larurar mai daɗewa ce, ya faɗi abin da take hana yaron yi a aji da gida, sannan ya rubuta taimakon da yake ba da shawara: zama a layin gaba, ƙarin lokaci a jarrabawa, ɗaki mara hayaniya. Ana biyan kuɗin rahoto daban, kuma yakan ɗauki kwanaki. Ka yi kwafi da yawa, na asalin ya zauna a gida.

Mataki na huɗu: rajista, in ta kama

Dokar ta kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, mai hedikwata a Abuja, kuma ita ke ba da takardar shaidar naƙasa. Akwai ta wucin gadi da ba ta wuce kwana 180, akwai ta dindindin idan larurar ta zarce. Dokar ta kuma tanadi karatu kyauta har sakandare, da magani kyauta a asibitocin gwamnati ga mai larurar ƙwaƙwalwa. A takarda ke nan. A teburin biyan kuɗi sai ka yi haƙuri da naci. Ka fara da sashen walwalar jama'a na sakatariyar ƙaramar hukumarku, sannan ka nemi shugabannin JONAPWD ta jiha, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman, su suka san ofishin da takarda ke motsi a cikinsa.

A ganina ba kowane yaro ne ke buƙatar wannan shaida ba. Wanda larurarsa ba ta yi tsanani ba, rahoton likita ya ishe shi mu'amala da makaranta. Wanda ta haɗa masa da jinkirin fahimta ko farfaɗiya, shi ne ya kamata a bi masa rajista har ƙarshe. Rajistar marasa galihu ta ƙasa kuwa, wadda ake rabon tallafin kuɗi da ita, talaucin gida take dubawa, ba larura ba. Duk wanda ya ce ka ba shi wani abu ya sa sunanka, ɗan damfara ne.

Mataki na biyar: kuɗin magani

Ka yi wa yaron lambar NIN, ka je cibiyar lafiya ta mazaɓarku ka tambayi rajistar KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, musamman ɓangaren masu rauni da gwamnati ke biya wa. Tun a wurin ka tambaya ko tsarin ya ɗauki ganin likitan ƙwaƙwalwa da maganinsa. Ga yaro ƙasa da shekara 6, horar da iyaye kan yadda za su bi da shi ake farawa da shi, ba ƙwaya ba. Idan an rubuta methylphenidate, wanda ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta, magani ne da doka ta tsaurara a kansa. Kada a saye shi a kemis ɗin unguwa, kuma takardar likita ta kasance a aljihu duk lokacin da za a yi tafiya da shi, saboda shingen NDLEA. Yana rage cin abinci, sai a riƙa auna nauyin yaron.

Mataki na shida: makaranta da jarrabawa

Ka kai kwafin rahoton wurin hedimasta da kanka, ka ce, "Malam, ga abin da likita ya ce, mu duba wanda zai yiwu." Yawancin abin da ake nema ba ya cin ko kwabo: a matsar da shi gaba, nesa da taga, a raba masa aiki gunduwa-gunduwa, a riƙa aiken shi goge allo ko karɓo alli don ya motsa jiki, a daina dukansa kan mantuwa. Idan an ƙi, ko an ce a ɗauke shi daga makarantar, akwai kwamitin SBMC na al'umma mai sa ido kan makaranta, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, akwai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, a Birnin Kebbi. Ka rubuta ƙorafi, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Dokar ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna wariya, naira miliyan 1 ga ma'aikata ko kamfani.

Hukumar JAMB tana da tsari na musamman ga ɗalibai masu buƙata ta musamman, kuma ta sanya masu ADHD a ciki. Amma a lokacin cike fom ake bayyana larurar, ba ranar jarrabawa ba, saboda haka ka tsaya a kan mai kwamfutar cibiyar rajista ka ga ya shigar. Ga WAEC da NECO, ta hannun shugaban makaranta ake neman sassauci, tun lokacin rajistar 'yan aji shida. Kafin lokacin ka koma asibiti a sabunta rahoton, domin wanda aka rubuta yana aji uku na firamare ba lalle a karɓe shi ba.