Yadda ake zaɓen madubin ƙara girma don duba bakin wuƙa bayan washi

Duk wanda ya saba da wasa wuƙa yana da hanyarsa ta gwada kaifi: wani ya yanki takarda, wani ya aske gashin hannunsa, wani kuma ya ɗora bakin wuƙar a kan farcen babban yatsa ya ji ko za ta kama. Waɗannan gwaje-gwajen suna gaya maka ko wuƙar tana ci ko ba ta ci, amma idan ta ƙi ci bayan ka shafe rabin awa a kan dutse, babu ɗayansu da zai nuna maka inda aikin ya ɓaci. Idon mutum mai lafiya, daga nisan santimita 25, da ƙyar yake rarrabe abin da ya gaza kashi ɗaya cikin goma na milimita, alhali yawancin abubuwan da ke hana wuƙa kaifi sun fi haka ƙanƙanta. Wannan ne amfanin ɗan madubin nan da masu gyaran agogo da maƙeran zinariya suke karawa a ido.

Mataki na farko shi ne ka san abin da kake son gani, domin shi zai yanke maka irin madubin da ya kamata ka nema. Abu mafi muhimmanci shi ne leɓen ƙarfe, wato siririn ƙarfen da dutse yake turawa zuwa ɗaya gefen bakin wuƙa yayin washi. Idan babba ne ana jin sa da yatsa, amma idan ya rage ɗan kaɗan sai ya ɓuya, wuƙar ta yi kamar ta yi kaifi, da ta yanki abu biyu ko uku sai leɓen ya lanƙwashe ta dakushe. Bayan shi akwai ƙananan giɓi da ƙarfe mai tauri yake yi idan ya haɗu da ƙashi. Sannan akwai zanen da dutse yake bari a jikin ƙarfe, wanda kake son tabbatarwa ko ya kai har ƙarshen baki, ko kuwa ya tsaya a hanya kana ta cin kafaɗar wuƙar a banza. Duk waɗannan ana ganin su da madubi matsakaici. Abin da madubin hannu ba zai taɓa nuna maka ba shi ne ainihin ƙarshen kaifin, domin a wuƙar da ta wasu sosai kaurinsa bai kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, ga shi kuwa silin gashin kan mutum yana kai wa maikiron 70 ko kusa da haka. Saboda haka kada ka ɓata kuɗi wajen neman madubin da zai nuna maka shi.

Mataki na biyu shi ne zaɓen ƙarfin madubin, kuma a nan ne yawancin masu saye suke kuskure, saboda hankali yana ba mutum cewa lamba mafi girma ita ce mafi kyau. Ana rubuta ƙarfin da lamba da harafin x, kamar 10x ko 20x, ma'ana sau goma ko sau ashirin. Akwai lissafi mai sauƙi a bayan lambar: ana raba milimita 250 da nisan da gilashin yake tattara haske. Madubi mai 10x yana tattara haske a milimita 25, mai 20x a milimita 12 da rabi, mai 30x kuwa a milimita 8 da 'yan kai. Wannan nisan shi ne kusan tazarar da za ta kasance tsakanin gilashin da bakin wuƙarka. Da ƙarfi ya ƙaru, sai tazarar ta ragu, kanka da hannunka su tare hasken da zai faɗa kan ƙarfen, yankin da kake gani a lokaci guda ya ƙuntace, kuma ɗan motsin numfashi ma ya isa ya ɓatar da hoton. Da 10x kana iya bin bakin wuƙar girki tun daga gindi har tsini cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kana ganin fiye da santimita ɗaya a kowane kallo. Da 30x kuwa milimitoci kaɗan kake gani, su ma sai ka riƙe numfashi.

A nawa ganin, 10x shi ne madubin farko da ya kamata mai washi ya mallaka, kuma mutane da yawa ba za su buƙaci wani bayansa ba. Da shi ne masu tantance daimon suke auna tsabtar dutse a duk duniya, kuma aikinsu ya fi namu buƙatar ido. Idan ka ninka ƙarfin ido sau goma, kana iya rarrabe abu mai kimanin maikiron 10, wanda ya yi daidai da girman ƙwayar dutsen washi mai lamba 1000 a ma'aunin Japan, domin ƙwayarsa tana kusa da maikiron 12. Ke nan zanen duwatsu masu kaushi da matsakaita zai fito maka sarai. Wanda yake gogewa har zuwa dutse mai lamba 6000 ko 8000, inda ƙwayar take maikiron 2 zuwa ƙasa, shi ne zai amfana da ƙarin madubi mai 15x ko 20x.

Mataki na uku shi ne kada ka yarda da lambar da aka buga a jikin madubi sai ka gwada. Kasuwannin intanet cike suke da madubai masu rubutun 30x21mm, wato wai ƙarfi sau talatin da gilashi mai faɗin milimita 21. Lissafin da ya gabata ya isa ya sa ka shakka, domin gilashin da yake tattara haske a milimita 8 dole ne ya kasance ɗan ƙarami mai tudu sosai, ba zai yi faɗin milimita 21 ba. Madubai masu 20x na kamfanonin kirki ma gilashinsu yakan kasance kusan santimita ɗaya ne ko ƙasa da haka. Na taɓa sayen irin wancan mai 30x, na yi watanni ina ganin kamar idona ne ya gaza, sai ranar da na auna shi na tarar ko 10x bai cika ba. Gwajin ba wuya: ka tsaya a ƙarƙashin ƙwan lantarkin da ke saman ɗaki, ka ajiye farar takarda a kan tebur, ka riƙa ɗaga madubin kana saukewa har hoton ƙwan ya fito a takardar ƙarami tsaf, sannan ka auna tazarar da rula daga tsakiyar gilashin zuwa takardar. Ka raba 250 da abin da ka samu a milimita. Idan ka sami milimita 30, madubinka sau takwas yake ƙarawa, ko me aka rubuta a jikinsa. Kada ka yi wannan gwajin da hasken rana a maimakon ƙwan lantarki, saboda takardar za ta iya kamawa da wuta, hasken kuma yana cutar da ido.

Mataki na huɗu ya shafi yadda aka haɗa gilashin, kuma ya fi lambar ƙarfi tasiri a kan abin da za ka gani. Madubi mai gilashi ɗaya yana da aibu biyu. Tsakiyarsa kaɗai take fitowa fes, gefe-gefen kuwa a dushe, sannan yana warwatsa launin haske, sai ka ga shuɗi ko ɗorawa-ɗorawa a gefen duk abin da yake ƙyalli. Ga mai duba bakin wuƙa wannan aibi na biyu babba ne, domin leɓen ƙarfe shi kansa siririn zare ne mai ƙyalli, kuma idan gilashi ya shafa masa launi ba za ka bambance shi da ƙaryar madubi ba. Maganin wannan shi ne madubi mai gilashi uku da aka manne wuri guda, wanda za ka ga an rubuta Triplet a jikinsa. Sanannen tsarinsa yana ɗauke da sunan Charles Hastings, masanin kimiyyar haske ɗan Amurka da ya tsara shi a ƙarni na 19, kuma kamfanin Bausch & Lomb ya daɗe yana ƙera shi. Kamfanin BelOMO na ƙasar Belarus yana da mai 10x da gilashin milimita 21 wanda masu harkar duwatsu masu daraja da masu washi suka yarda da shi, haka kuma Zeiss da Eschenbach na Jamus da Nikon na Japan suna yin madubai nagari. Akwai wani tsarin da ake kira Coddington, gilashi ɗaya mai kauri da aka yi wa tsagi a kewayensa, wanda ya fi gilashi ɗaya na gama-gari amma bai kai mai uku ba wajen gyara launi.

Kalmar Triplet ma ana buga ta a kan madubin da ba haka yake ba, don haka ka ɗora madubin a kan rula ko takarda mai layukan lissafi ka duba. Layukan su miƙe daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da sun lanƙwashe ba, baƙin rubutu ya tsaya baƙi ba tare da launi a gefensa ba, kuma gefen hoton ya kusa kai tsakiyarsa fitowa. Ka guji gilashin roba, domin wurin washi cike yake da garin dutse da na ƙarfe, kuma shafa ɗaya da tsumma mai ƙura ta isa ta karce shi.

Mataki na biyar shi ne haske. Madubai da yawa suna zuwa da 'yar fitila a jikinsu, kuma tana da amfani a wuri mai duhu, sai dai ƙarfen da aka goge yana mayar da haske kamar madubin fuska, fitilar da take kusa da ido kuma takan haske wurin fari fat har zanen dutse ya ɓace. Na fi son madubi marar fitila tare da tocila ko fitilar tebur da zan iya kai wa duk inda nake so. Idan haske ya zo daga gefe, a kwance, kowane zane yana yin inuwarsa, leɓen ƙarfe kuma yana walƙiya shi kaɗai. In za ka sayi mai fitila, ka tabbata ana iya kashe ta, kuma batirinta irin wanda ake samu ne.

Game da jikin madubin, ka nemi na ƙarfe mai naɗewa cikin murfinsa, kuma zoben da ya kewaye gilashin ya kasance baƙi, saboda zobe mai sheƙi yana jefa haske cikin hoton.

Mataki na shida shi ne ka gwada shi a kan wuƙa, da riƙon da ya dace, domin mutane da yawa suna raina madubi mai kyau saboda ba su iya riƙe shi ba. Ba a miƙa shi nesa kamar babban gilashin karatu. Ana kara shi ne dab da ido, babban yatsa yana jingine da kunci don kada hannu ya yi rawa, sannan a matso da wuƙar a hankali har hoton ya fito. Ka bar ɗaya idon a buɗe don kada fuskarka ta gaji. Tun da wuƙa mai kaifi za ta zo 'yan santimitoci kaɗan daga fuskarka, ka zauna, ka kafa gwiwar hannu biyu a kan tebur, ka juya tsinin zuwa gefe nesa da kai, kuma kada ka yi wannan a inda wani zai iya bangaje ka. Idan wuƙar doguwa ce, gara ka kwantar da ita a kan katako ka sunkuya kanta. Ka goge ta tas kafin dubawa, domin zaren tsumma ko ɗigon ruwa yana kama da leɓen ƙarfe ƙwarai.

Kafin ka koma kan dutse, ka shafa baƙar tawadar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, a gefen bakin wuƙar, ka yi shafa uku ko huɗu a kan dutsen, sannan ka duba da madubin. Inda tawada ta goge, nan dutsen yake ci. Idan ka ga siririn layin baƙi ya rage a can ƙarshen baki, wanda ido kawai ba zai gani ba, to ka kwantar da wuƙar fiye da kima, sai ka ɗan ɗaga bayanta. Bayan haka ka juya bakin sama ya fuskanci fitila ka kalle shi kai tsaye. Baki mai kaifi ba ya mayar da haske, don haka duk inda ka ga farin ɗigo ko ɗan layi mai ƙyalli, wurin bai wasu ba ko kuma leɓe ya kwanta a kai. Madubin da ya nuna maka layin tawadar nan da ɗigon ƙyallin nan ba tare da ka wahala ba ya cika aikin da aka saye shi dominsa.

Wanda yake wasa reza ko kurfin sassaƙa, inda ƙaramin karce yake da tasiri, yana iya ƙarawa da ɗan madubin aljihu mai ƙarfin 60x zuwa 120x, irin wanda kamfanin Carson yake yi. Shi ana ɗora shi ne a kan ƙarfen, yana nuna hoto a juye a yawancin lokuta, kuma dole a kula kada ƙafarsa ta gogi bakin da aka gama wasawa. Na'urorin da ake haɗawa da kwamfuta ko waya suna da daɗin ajiye hoto don kwatanta washin yau da na jiya, amma lambobin 500x da 1000x da ake rubuta musu sun dogara ne da girman allon da ake kallo, ba su nufin za ka ga ƙarin abu. Kowanne ka saya, ka ajiye shi a rufe nesa da ruwan dutse, kuma ka hure ƙurar da ke kan gilashin kafin ka sa masa ƙyalle mai laushi.